Tambayoyi da amsoshi kan rabon lambobi da shiyyoyi a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka

Kowace shekara a tsakiyar watan Maris, ranar Lahadi da ƙarfe 6 na yamma agogon gabashin Amurka, wato 11 na dare a Najeriya da Nijar, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kan fitar da jadawalin gasar ƙwallon kwando ta maza, wadda ake wa laƙabi da March Madness. Kafin gari ya waye ƙorafi ya cika ko'ina: an danne wannan ƙungiya, an jefa waccan can wata uwa duniya, an share wa wata hanya. Wasu ƙorafe-ƙorafen suna da tushe, wasu kuma rashin sanin ƙa'ida ne ya haife su. Ga tambayoyin da masu bibiyar gasar suka fi yi.

Yaya tsarin gasar yake?

Jami'o'in da ke babban ajin NCAA sun haura 360. An fara gasar a 1939 da ƙungiyoyi takwas, aka kai 64 a 1985, daga 2011 kuma aka koma 68, kuma a kan wannan tsarin bayanan shafin nan suka tsaya. Ƙofar shiga biyu ce. Duk ƙungiyar da ta ci gasar ƙarshen kaka ta lig ɗinta tana da gurbi kai tsaye, ko da kakar ba ta yi mata kyau ba. A 2025 irin waɗannan guraben 31 ne. Sauran 37 guraben gayyata ne, kwamiti ke zaɓar masu cike su.

Ƙungiyoyi takwas kan fara karawa a birnin Dayton na jihar Ohio ranakun Talata da Laraba don a rage adadin zuwa 64. Daga nan sai a raba su shiyya huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Tsakiyar Yamma, kowace shiyya da ƙungiyoyi 16 masu lamba 1 zuwa 16. Mai lamba 1 ta kara da mai 16, mai 2 da mai 15, har zuwa mai 8 da mai 9. Sili ɗaya ƙwale ake yi, kuma da zarar an buga jadawali ba a sake jera shi.

Lamba iri biyu ce, a riƙe wannan da kyau. Akwai lambar jeri, daga 1 zuwa 68, wadda ke nuna matsayin ƙungiya a cikin dukkan masu shiga. Akwai kuma lambar shiyya, 1 zuwa 16, inda 1 ce babba a daraja, 16 ce ƙarama. Huɗun farko a jeri su ne masu lamba 1, na biyar zuwa na takwas masu lamba 2, haka har ƙasa. Kowane rukunin huɗu ana ce masa layi.

Su wa ke yanke hukuncin, kuma ta yaya?

Kwamiti ne na mutum 12 (da goma ne kafin kakar 2021-22), daraktocin wasanni na jami'o'i da shugabannin lig-lig. Sukan kulle kansu daga Laraba zuwa Lahadin sanarwa, kuma aikinsu mataki uku ne: zaɓe, jerawa, sannan zubawa a jadawali.

A zaɓen farko kowa kan rubuta ƙungiyoyin da yake ganin ba tantama sun cancanci gayyata. Wadda kusan kowa ya rubuta ta shige. Sauran kuma sai a riƙa ɗaukarsu kashi-kashi: kowa ya rubuta takwas mafiya kyau cikin waɗanda suka rage, a haɗa ƙuri'u, a sake jera waɗanda suka fi samu, na sama su wuce. Haka ake maimaitawa, a asirce, har guraben su cika, kuma da irin wannan hanyar ake gina jerin 1 zuwa 68. Bayan nan sai tankaɗe da rairaya: a ɗauki na 21 a gwada da na 22, in rinjaye ya ga na ƙasa ya fi, a sauya musu wuri, a sake gwada shi da na gaba.

Zubawa a jadawali shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ke samun lokaci mafi ƙaranci. Wasan ƙarshe na lig ɗin Big Ten kan ƙare daf da lokacin sanarwa, don haka kwamiti kan tanadi jadawali fiye da ɗaya, kowanne bisa yadda wasannin Lahadi za su iya kayawa.

Me ya hana a jefa ƙuri'a kamar yadda ake yi a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa?

A kofin duniya akwai zagayen rukuni, ƙasar da ta yi tuntuɓe a wasan farko tana da sauran dama. A nan wasa ɗaya ne. Da ƙuri'a ake jefawa, manyan ƙungiyoyi biyu na iya haɗuwa tun ranar farko, wasanni talatin da 'yan kai da suka buga tun Nuwamba su tashi a banza. Lamba ita ce ladan kaka. Ban da haka, Amurka na da faɗi, 'yan wasan kuma ɗalibai ne, ana so su da magoya bayansu su rage tafiya. Ƙuri'a ba ta san nisa ba.

Da wane ma'auni ake auna ƙungiya?

Daga 1981 zuwa 2018 da RPI ake aiki: kashi 25 cikin ɗari yawan nasarar ƙungiya, kashi 50 na abokan karawarta, kashi 25 na abokan karawar abokan karawarta. Aibinsa a fili yake, kashi uku cikin huɗu na makinka ya dogara ne da abin da wasu suka yi, kuma bai duba tazarar ci. A kakar 2018-19 aka maye gurbinsa da NET, wanda a yanzu ya tsaya kan abu biyu: darajar nasarori bisa ƙarfin wanda aka doke da inda aka doke shi, da kuma bambancin makin da ƙungiya ke ci da wanda ake ci mata a kowane hari 100, bayan an yi la'akari da ƙarfin abokin karawa.

Babban amfanin NET shi ne raba wasanni aji huɗu. Wasa na aji na 1 ne idan an buga shi a gida da ƙungiya mai matsayi 1 zuwa 30, ko a filin 'yan ba ruwanmu da mai 1 zuwa 50, ko a waje da mai 1 zuwa 75. Aji na 2: gida 31 zuwa 75, filin 'yan ba ruwanmu 51 zuwa 100, waje 76 zuwa 135. Aji na 3: gida 76 zuwa 160, filin 'yan ba ruwanmu 101 zuwa 200, waje 136 zuwa 240. Abin da ya yi ƙasa da haka aji na 4 ne. Nasara a aji na 1 na ɗaga ƙungiya, rashin nasara a aji na 3 ko na 4 tabo ne.

Inda abin ke samun tangarɗa shi ne bakin iyaka. Doke ta 30 a gida aji na 1 ne, doke ta 31 aji na 2, alhali tsakaninsu ba wani bambanci. Kuma matsayin abokin karawa a ranar sanarwa ake dubawa, ba na ranar da aka buga wasan ba, don haka nasarar da aka samu a Disamba na iya sauya aji a Maris ba tare da ƙungiyar ta taɓa ƙwallo ba. A takardar kowace ƙungiya akwai wasu ma'aunan kuma: KenPom da BPI da Torvik, masu hasashen ƙarfi, sai KPI da SOR da WAB, masu auna abin da aka riga aka cim ma. Babu wata ƙa'ida da ta ce ga nauyin da za a ba kowanne. Kowane mamba da nasa awon.

To lamba na nuna wanda ya cancanta ne, ko wanda ya fi ƙarfi?

Nan gizo ke saƙar. Tambayoyi biyu ne daban, kwamiti kuma yana amsa su da lamba ɗaya. Wajen zaɓen masu shiga, abin da ƙungiya ta cim ma ya fi rinjaye, kuma hakan daidai ne. Amma wajen jerawa, in aka bi tarihin nasarori kaɗai, za a ba ƙungiya mai ƙarfi lambar da ta gaza ƙarfinta, kuma ba ita kaɗai za ta cutu ba.

A 2017 Wichita State ta ci wasa 30, ma'aunin KenPom ya sa ta cikin goman farko a ƙasar, aka ba ta lamba 10 saboda lig ɗinta ba ta da manyan ƙungiyoyin da za ta doke. Sakamakon haka Kentucky mai lamba 2 ta same ta tun zagaye na biyu, ta sha da ƙyar da ci 65 da 62. A 2021 irin haka ta faru da Loyola ta Chicago: cikin goman farko a KenPom, lamba 8 a jadawali. Illinois, wadda ta yi kaka guda tana neman lamba 1 don ta samu sauƙin hanya, ita ta biya bashin, Loyola ta fitar da ita da ci 71 da 58. Kuskuren lamba yana cutar da ɓangare biyu, wadda aka rage wa daraja da wadda aka tura mata ita.

Rauni ma na shiga lissafi. A 2000 Cincinnati ta kusa gama kaka a saman ƙasa, sai tauraronta Kenyon Martin ya karye a ƙafa ana saura kwanaki a fara gasa. Kwamiti ya ba ta lamba 2, ta kuma fita a zagaye na biyu a hannun Tulsa. A ranar kwamiti ya zaɓi ƙarfin yanzu a kan tarihi. A wasu shekarun sai ya zaɓi akasin haka. Mu a ganinmu wannan rashin tsayawa a kan magana ɗaya ya fi kowane kuskure ɗaya-ɗaya illa, domin koci ba zai san abin da zai gina kakarsa a kai ba.

Bayan an gama jerin 68, yaya ake zuba ƙungiyoyi a shiyyoyi?

Mutane da yawa sun ɗauka jerin kan-maciji ake bi, wato ta 1 ta haɗu da ta 8 da ta 9 da ta 16 a shiyya ɗaya, ta 2 da ta 7 da ta 10 da ta 15, haka dai. Ba haka ake yi ba. Kusanci da gida ne ke gaba.

Ta 1 a jeri ita ke zaɓar shiyyarta da filin da za ta fara wasa, gatan da aka soma ba ta a 2017. Sauran masu lamba 1 sai a bi da su bi da bi, kowace a kai ta shiyya mafi kusa da ita cikin waɗanda suka rage. Tun 2004 ake tsara wa shiyyar ta 1 haɗuwa da shiyyar ta 4 a wasan kusa da na ƙarshe, ta 2 kuma da ta 3. Daga nan a sauko layi na 2, a fara da ta 5 a jeri, ita ma mafi kusa da gida, sai dai ana kauce wa haɗa ta 5 da ta 1 a shiyya ɗaya. Haka layi na 3 da na 4.

Idan an gama da 16 na sama, sai a haɗa lambobin jeri na kowace shiyya. Jimillar 1 zuwa 16 ita ce 136, ke nan cikakken daidaito 34 ne a kowace shiyya. Ƙa'ida ta yarda a samu tazarar 'yan maki kaɗan tsakanin shiyya mafi nauyi da mafi sauƙi. In ta yi yawa sai a yi musaya. Lura da giɓi biyu. Na ɗaya, lissafin ya tsaya a layi na 4, ba ya ganin mai lamba 7 ko 8 mai haɗari. Na biyu, da jerin kwamitin kansa ake awon, don haka in jerin ya karkace, jimillar za ta nuna daidaito alhali babu shi.

Matsayi ɗaya a cikin layi na iya sauya tafiya gaba ɗaya. A 2023 Houston ce ta 2, Kansas ta 3. Houston ta samu shiyyar Tsakiyar Yamma da aka yi a Kansas City, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga harabar Kansas, ita kuwa Kansas aka sa ta shiyyar Yamma mai mazauni a Las Vegas. Shekarar da aka bi jerin kan-maciji sosai ita ce 2021, da aka buga gasar duka a jihar Indiana saboda korona, maganar nisa ba ta taso ba.

Yaya ake samun shiyyar da ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba?

Misalin da ba a mantawa da shi shi ne Tsakiyar Yamma a 2014. Wichita State ta shigo da nasara 34 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta samu lamba 1. A shiyyarta aka zuba Michigan a lamba 2, Duke a 3, Louisville mai riƙe da kofi a 4, da Kentucky a 8, wadda ita aka sa a saman ƙasa kafin a fara kaka. Uku daga cikin huɗun ƙarshe na shekarar da ta gabata suna shiyya guda. Kentucky ta fitar da Wichita State da ci 78 da 76 a St. Louis, ta bi ta kan Louisville da Michigan, ta kai har wasan ƙarshe.

Ba sai an nemo makirci ba kafin a fahimci wannan. A Indianapolis aka yi shiyyar, kuma Louisville da Kentucky da Michigan duk maƙwabta ne. Yawancin manyan jami'o'in ƙwallon kwando suna gabashi da tsakiyar ƙasar, yamma kuwa ba su da yawa. Ƙa'idar kusanci kan cunkushe masu ƙarfi wuri ɗaya, sannan ta tura na ƙarshe a kowane layi zuwa Yamma. Abin mamakin shi ne, wani lokacin wadda aka kai nesa ita ke samun hanya mafi sauƙi.

Me ya sa wani lokaci ƙaramar lamba ke wasa a ƙofar gidanta, babbar kuma ta zama baƙuwa?

Tun 2002 aka raba filayen zagaye biyu na farko da shiyyoyi. Filaye takwas ne, kowanne na karɓar rukuni biyu na ƙungiyoyi huɗu-huɗu, kuma rukunan biyu na iya kasancewa na shiyyoyi daban-daban. Ƙungiyoyi 16 na sama su ke jan rukunansu zuwa fili mafi kusa, bisa jeri. An hana ƙungiya wasa a zauren da ta buga wasannin kaka fiye da uku a cikinsa, an kuma hana ta wasa inda jami'arta ke karɓar baƙuncin gasa. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce kada a sa masu lamba 1 zuwa 4 inda 'yan kallon abokiyar karawarsu za su rinjaye su.

Sai dai kariyar ta zagayen farko ce kawai. A 2017 Duke mai lamba 2 ta haɗu da South Carolina mai lamba 7 a zagaye na biyu a birnin Greenville, cikin jihar South Carolina, aka doke Duke da ci 88 da 81. A 2023 Houston mai lamba 1 ta kara da Auburn mai lamba 9 a Birmingham, tafiyar kimanin awa biyu daga Auburn. Houston ta yi nasara, amma a gaban taron da ba nata ba. A 2015 ma Boise State ta buga wasan share fage da Dayton a zauren Dayton ɗin kanta, ta faɗi da maki ɗaya, 56 da 55, domin hanin wasa a gida bai shafi wasannin share fage na Dayton ba. Duk waɗannan ba a karya ƙa'ida ba. Ƙa'idar ce gajeriya, kuma faɗaɗa ta zuwa zagaye na biyu gyara ne mai sauƙi da ya kamata a ce an yi tuni.

Ƙungiyoyin lig ɗaya za su iya haɗuwa da wuri?

Ya danganta da sau nawa suka kara a kakar. In sau uku ne ko fiye, ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe na shiyya. In sau biyu, sai daga zagayen 'yan 16. In sau ɗaya, suna iya haɗuwa tun zagaye na biyu. Ƙungiyoyi huɗun farko na lig ɗaya, in duk suna layi na 1 zuwa na 4, shiyyoyi daban-daban ake kai su. Ana kuma ƙoƙarin kauce wa maimaita wasan da aka riga aka buga a kakar a zagayen farko.

Girman lig-lig na yanzu ya matse wannan ƙa'ida. A 2025 SEC ta shigar da ƙungiyoyi 14, ta karya tarihin 11 da Big East ta kafa a 2011. Idan lig ɗaya ta cika jadawali haka, raba 'ya'yanta kan tilasta matsar da wasu ƙungiyoyin da ba ruwansu.

Ana iya sauya wa ƙungiya lambarta don jadawali ya zauna?

Ana yi. Ƙa'ida ta yarda a ɗaga ko a sauke ƙungiya da layi ɗaya, in ta kama dole ma biyu. BYU, jami'ar cocin Mormon, ba ta wasa ranar Lahadi, don haka dole a sa ta a filin Alhamis da Asabar da kuma shiyyar Alhamis da Asabar. A 2003 kwamiti ya manta, ya sa ta a shiyyar Juma'a da Lahadi, sai da aka sanar cewa za a sauya mata shiyya in ta yi nisa. UConn, wato jami'ar Connecticut, ta fitar da ita a wasan farko, maganar ta mutu. A 2024 jerin ya ba ta layi na 5, aka sauke ta zuwa 6 saboda wannan dalili.

Gaskiya ne ana danne ƙananan lig-lig?

Gaskiya ne, amma dannewar kan faru tun kafin kwamiti ya zauna. Ƙungiyar da ke Big Ten ko SEC ko Big 12 kan samu wasannin aji na 1 goma sha wani abu daga cikin lig ɗinta kaɗai. Ta ci biyar ta faɗi takwas, takardarta ta yi kyau. Ƙungiyar ƙaramar lig kan samu biyu ko uku a shekara, yawanci a waje, a watan Nuwamba. Manyan jami'o'i sun gwammace su biya raunanan ƙungiyoyi dubun-dubatar daloli su zo gidansu a doke su, a kan su je gidan ƙaramar ƙungiya mai ƙarfi, inda nasara ba ta ƙara musu komai, faɗuwa kuma ta ɓata musu takarda.

Monmouth ta 2016 ta yi abin da ake cewa a yi: ta fita ta doke UCLA da Notre Dame da USC da Georgetown, ta ci wasa 27, ta faɗi a wasan ƙarshe na lig ɗinta, aka bar ta a gida saboda ta yi tuntuɓe a hannun raunanan ƙungiyoyi. Indiana State ta 2024 tana cikin talatin na farko a NET, ita ma ba a gayyace ta ba. A shekarar, ƙungiyoyi irin su NC State da Oregon da ba su da tabbacin gayyata sun ci gasar lig ɗinsu, guraben gayyata suka ragu. Ma'aunin WAB, da aka sa a takarda a kakar 2024-25, shi ne mafi kusa da magani: yana tambayar nasara nawa ƙungiyar da ke bakin gaɓar shiga za ta samu da a ce ita ta buga wannan jadawalin, sannan ya gwada da abin da aka samu a zahiri.

Akwai kuɗi a ciki. A 2025, kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar, ban da na ƙarshe, ya jawo wa lig ɗinta kason da ya kai kusan dala miliyan 2, da ake biya cikin shekara shida. Gurbi ɗaya da ya suɓuce wa ƙaramar lig ba ƙaramar asara ba ce.

'Yan kwamiti ba sa fifita jami'o'insu?

Ƙa'ida ta ce daraktan wasanni ya fita daga ɗaki idan ana maganar jami'arsa, kuma ba ya jefa mata ƙuri'a. Shugaban lig ma haka game da ƙungiyoyin lig ɗinsa. Duk da haka zargi ba ya ƙarewa. A 2025 North Carolina ce ta ƙarshe da ta samu gayyata, da nasara ɗaya cikin wasanni 13 na aji na 1, aka bar West Virginia, alhali shugaban kwamiti Bubba Cunningham shi ne daraktan wasannin North Carolina. Ya ce ba ya ɗakin lokacin da aka tattauna ta, gwamnan West Virginia kuma ya fito fili ya yi tir da hukuncin. Ba a nuna hujjar maguɗi ba. Amma tunda ƙuri'un a asirce suke, babu yadda mai shakka zai gamsu. Buga ƙuri'un bayan gasa, ko da ba sunaye, zai rage wannan.

Wai lamba 11 ta fi lamba 8 ko 9 daɗi?

Wajen yin nisa, sau da yawa haka ne. Wadda ta yi nasara tsakanin 8 da 9 da mai lamba 1 za ta haɗu a wasa na gaba. Masu lamba 10 da 11 kuwa suna ɗaya ɓangaren shiyyar, ba za su ga mai lamba 1 ba sai a wasan ƙarshe na shiyya. Shi ya sa tun 1985 masu lamba 10 da 11 suka fi masu 8 da 9 kaiwa zagayen 'yan 16. Masu lamba 11 sun kai huɗun ƙarshe sau shida: LSU a 1986, George Mason a 2006, VCU a 2011, Loyola a 2018, UCLA a 2021, NC State a 2024. Wannan aibin ginin jadawalin ne, sake jera ƙungiyoyi bayan kowane zagaye ne kaɗai zai kawar da shi, kuma hakan zai rushe tsarin tafiye-tafiye da al'adar cike takardar hasashe da miliyoyin mutane ke yi.

Idan ƙaramar lamba ta doke babba, ba shaida ce cewa kwamiti ya yi kuskure ba?

A'a. Wasan minti 40 ne. UMBC mai lamba 16 ta doke Virginia da ci 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson ta doke Purdue 63 da 58 a 2023, kuma ba wanda zai ce Virginia ko Purdue ba su cancanci lamba 1 ba. Virginia ma ta ɗauki kofi a shekarar da ta biyo. Masu lamba 12 na doke masu 5 kusan sau ɗaya cikin uku. A saman jadawali kuwa awon na aiki: masu lamba 1 ne suka fi kowa ɗaukar kofi, mafi ƙanƙantar lambar da ta taɓa ɗauka ita ce 8, Villanova a 1985, kuma a 2008 da 2025 duk masu lamba 1 huɗu ne suka kai huɗun ƙarshe. Da bayanan da ake da su ranar Lahadin sanarwa ake auna adalcin lamba.

Gasar mata fa?

Ita ma an mayar da ita 68 a 2022, amma rabon filaye ya bambanta. Tun 2015 ƙungiyoyi 16 na sama su ke karɓar zagaye biyu na farko a zaurukansu, don haka tazarar da ke tsakanin ta 16 da ta 17 a jeri babba ce ƙwarai: ɗaya na gida, ɗaya na gidan wani. Daga 2023 aka haɗe shiyyoyi huɗu a birane biyu, Greenville da Seattle a shekarar, Birmingham da Spokane a 2025. Kocin UConn Geno Auriemma na cikin masu sukar tsarin, saboda ƙungiyoyi takwas na rububin zaure ɗaya wajen atisaye, wasu kuma sai sun ratsa ƙasar kafin su isa.

Ta yaya zan duba adalcin jadawali da kaina?

NCAA kan fitar da cikakken jerin 1 zuwa 68 a daren sanarwa, da shi za a fara. A haɗa lambobin jeri na huɗun sama a kowace shiyya a gwada da 34. Wadda jimillarta ta yi ƙasa da haka ita ce mai nauyi a idon kwamiti. Sai a maimaita lissafin da matsayin KenPom ko Torvik, a faɗaɗa shi zuwa takwas na sama, nan ne ake gano Kentucky ta 2014 ko Loyola ta 2021 tun kafin a fara wasa. A raba lambar jerin kowace ƙungiya ta layukan sama da huɗu, a cike ragowar zuwa sama, a gwada da lambar shiyyarta: ta 17 ya kamata ta zama 5, in an gan ta a 6 an sauke ta, sai a nemi dalili a ƙa'idar lig ko ta ranakun wasa. A ƙarshe a duba taswira, a auna nisan filin zagaye na biyu daga harabar masu lamba 1 zuwa 4, da kuma daga harabar waɗanda za su iya haɗuwa da su, musamman masu lamba 7 zuwa 10.